FELIX BLOCH, ƊAN MAI HATSIN DA YA BUƊE HANYAR DUBA CIKIN JIKI BA TARE DA WUƘA BA

Daga wakilinmu a Minna

A cikin shekarar 1983 ne Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Fasaha ta Minna, wadda ta soma aiki a Bosso, daga baya kuma aka gina mata babban mazauni a Gidan Kwano, kan hanyar Bida. A cikin wannan shekara ce kuma, ran 10 ga watan Satumba, wani dattijo mai shekara 77 ya mutu a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, sunansa Felix Bloch. Da wuya in ya taɓa jin sunan Minna, balle Gidan Kwano, amma malaman ilimin fiziks na wannan jami'a sun shafe shekaru suna aiki a kan wani lissafi da ya bari, wanda har yau a ke kira da sunansa. Ɗaya daga cikinsu, Furofesa O. B. Awojoyogbe, ya buga takarda a wata mujallar masana ta ƙasashen waje a 2004 a kan yadda za a warware wannan lissafi idan abin da a ke aunawa yana gudana, kamar jini a cikin jijiya.

Mai karatu zai ce, to ina ruwan mai sayar da goro a Agege ko mai fataucin shanu a Bodija da lissafin wani Bature? Ruwansa shi ne, duk wanda aka taɓa tura shi, ko aka tura wani nasa, wani babban asibiti a Ikko ko Ibadan aka ce a yi masa hoton MRI, watau na'urar nan mai kama da babban bututu da a ke tura mutum ciki yana kwance tana ta ƙwanƙwasa, to aikin wannan mutum ne ya shiga. Da irin wannan na'ura ce kuma aka gano yadda hanta ke ciyar da mai azumi, da inda sukari ke maƙalewa a jikin mai ciwon sukari. Mutumin da ya soma abin kuwa ba likita ba ne, kuma ba don marasa lafiya ya soma ba.

An haifi Felix Bloch a Zurik ran 23 ga Oktoba 1905. Iyayensa Yahudawa ne. Ubansa, Gustav, baƙo ne a garin, daga yankin Bohimiya ya zo a 1890 don ya yi aiki wurin wani ɗan'uwansu. Ya so ya yi karatun jami'a, rashin kuɗi ya hana, sai ya zama babban ɗan kasuwar hatsi mai sayarwa sari-sari, irin waɗanda mu ke gani a Dawanau. Sa'ad da aka sa Felix makaranta yana ɗan shekara shida bai ji daɗinta ba, domin yara suna yi masa dariya saboda Jamusancin bakinsa ya ɗan bambanta da na 'yan gari. Wanda ya haifi 'ya'ya a Sabo ko Idi-Araba ya san irin wannan. Yayarsa ce mai lallashinsa, ita kuma ta mutu tana da shekara 12. An ce yaron ya daɗe bai warware ba, ya zama mai kaɗaici, ba shi da abokan hira sai kiɗan fiyano da lissafi.

A 1924 ya shiga babbar makarantar fasaha ta gwamnatin tarayyar Suwizalan da ke Zurik da niyyar ya zama injiniya, wanda shi ne aikin da kowane uba zai yi murna da shi, tun da akwai abinci a ciki. Bayan shekara guda ya sauya ya koma fiziks, ilimin da a lokacin ba a san abin da mutum zai ci da shi ba in ban da koyarwa. Sai dai ya shigo a kan gaɓa. A daidai waɗannan shekaru ne masana ke rushe tsohon tunaninsu game da ƙananan ƙwayoyin da aka gina kowane abu da su, waɗanda a ke kira zarra, suna gina sabo, kuma Zurik na cikin wuraren da a ke wannan aiki. Yana zaune cikin ɗalibai sa'ad da malaminsa Peter Debye ya ƙalubalanci Erwin Schrödinger cewa in dai ana son a ce ƙwayoyin nan suna tafiya kamar igiyar ruwa, to sai a kawo lissafin igiyar. Bayan 'yan makonni Schrödinger ya dawo da shi, lissafin da har yau shi ne ginshiƙin wannan fanni.

Daga nan ya tafi Leipzig ta ƙasar Jamus a 1927, ya zama ɗalibin farko da ya yi digirin dakta a hannun Werner Heisenberg, wanda shi kansa bai girme shi da fiye da shekara huɗu ba. Tambayar da ya ɗauka mai sauƙin faɗi ce: yaya wutar lantarki ke ratsa waya? Ƙarfe a cike ya ke maƙil da zarra, to ta ina ƙananan ƙwayoyin lantarki ke samun hanya har su yi tafiya mai nisa ba su yi karo ba? Bloch ya nuna cewa muddin zarra suna jere a tsare, kamar kunyoyin gonar da aka yi wa huɗa da kyau, ƙwayoyin lantarki za su bi ta cikinsu kamar igiyar ruwa ba abin da zai tare su. Abin da ke rage musu gudu shi ne inda jerin ya karkace, ko wani baƙon abu ya shiga, ko zafi ya sa zarra suna rawa. Ya gama wannan a 1928. A kan wannan bayani aka gina fahimtar 'yan ƙananan kayan da ke cikin rediyo da kwamfuta da wayar hannu, kuma ko da a nan ya tsaya sunansa ba zai fita daga littattafai ba.

Ya yi 'yan shekaru yana yawon neman ilimi kamar almajiri, daga wannan malami zuwa wancan: Wolfgang Pauli a Zurik, Kramers a Holan, Niels Bohr a Denmak, sa'an nan ya koma Leipzig ya soma koyarwa a 1932.

GUDUN HIJIRA

Koyarwar ba ta yi nisa ba. A watan Janairu 1933 Hitila ya hau mulkin Jamus, a watan Afrilu kuma aka yi dokar korar Yahudawa daga aikin gwamnati, har da jami'o'i. Bloch yana da takardun Suwizalan, saboda haka ya fi wasu sauƙin fita, kuma bai tsaya jiran ganin ƙarshen abin ba. Ya bar Leipzig a wannan shekara, ya yi ta zirga-zirga tsakanin Zurik da Faris da Rum, inda ya zauna wurin Enrico Fermi, da kuma Denmak, ba shi da tsayayyen aiki. Ana nan sai ga waya daga wata jami'a mai suna Stanford, can Kalifoniya a ƙarshen yammacin Amurka, suna nemansa. Shi kuwa bai san ko ina ne wurin ba. An ce da ya tambayi Heisenberg, wanda ya taɓa zuwa can, abin da kawai ya iya tunawa shi ne akwai jami'o'i biyu kusa da juna, kuma ɗalibansu suna satar wa juna wani gatari saboda gasar ƙwallo. Da wannan ɗan bayani ya hau jirgin ruwa. Ya isa a watan Afrilu 1934 yana da shekara 28, kuma a nan ya zauna har ƙarshen aikinsa.

A wancan zamani Stanford ba ta yi sunan da ta yi yanzu ba, kuma ga mutumin da ya saba zama da su Bohr da Pauli, zuwa can kamar a ɗauke malami daga Zariya ne a kai shi wani ƙauye mai nisa. Bloch bai zauna yana kukan abin da ya baro ba. Ya ƙulla zumunci da Robert Oppenheimer na Berkeley, ɗaya jami'ar mai gatari, suka riƙa haɗa ɗalibansu suna karatu tare. Ya kuma yi wani abu da ba kasafai masu lissafi ke yi ba, watau ya sauko daga allo ya kama ƙarfe da waya da hannunsa. A 1939, shi da Luis Alvarez suka auna ƙarfin maganaɗisun wata ƙwaya da a ke kira niyutiron, wadda ba a fi shekara bakwai da gano ta ba. A wannan shekara ya zama ɗan ƙasar Amurka. A 1940 ya auri Lore Misch, ita ma masaniyar fiziks ce da ta gudo daga Jamus, suka haifi 'ya'ya huɗu, na farko tagwaye maza.

Da yaƙin duniya na biyu ya yi tsanani aka kira shi Los Alamos a 1943, inda a ke ƙera bom ɗin nukiliya a asirce ƙarƙashin abokinsa Oppenheimer. Bai yi shekara ba ya fita. Zaman bariki da tsaron soja da buɗe wa mutum wasiƙa bai karɓe shi ba. Ya koma jami'ar Harvard, wurin masu aikin rikita na'urorin abokan gaba masu hango jiragen sama. A nan ne ya ƙware da sha'anin rediyo, ya koyi yadda a ke kama siginar da ba ta da ƙarfi a tsamo ta daga cikin hayaniya. Wannan sana'a da ya koya saboda yaƙi ita ce ya koma da ita Stanford a 1945.

ƊIGON RUWA DA REDIYO

A nan sai mai karatu ya yi mini haƙuri kaɗan, domin in ba a gane wannan ba sauran labarin ba zai zauna ba. Kowace zarra tana da cibiya. Ruwan da mu ke sha haɗin abu biyu ne, haidirojin da oksijin, kuma cibiyar haidirojin tana juyawa kullum kamar katantanwar da yara ke murzawa a ƙasa, ga shi kuma ita kanta ɗan ƙaramin maganaɗisu ce. Idan aka sa ruwa cikin babban maganaɗisu, waɗannan cibiyoyi sai su riƙa layi, irin layin da katantanwa ke yi tana juyi kanta yana kewayawa. Saurin layin kuwa ba na ganin dama ba ne, ƙarfin maganaɗisun ne ke yanke shi. To idan aka aiko musu da igiyar rediyo wadda saurinta ya yi daidai da saurin layinsu, sai su amsa, su karkata gaba ɗaya, kamar yadda mai tura lilo ke sa shi ya yi sama in yana turawa a kan lokaci. In saurin bai dace ba, ko motsi ba za su yi ba.

Wani masani a New York mai suna Isidor Rabi, wanda duk da sunan nasa namiji ne, ya riga ya nuna haka a 1938, amma da ƙwayoyi masu tafiya ɗai-ɗai cikin bututun da aka zuƙe wa iska. Abin da Bloch ya ce shi ne za a iya jin amsar daga abu na yau da kullum, ruwa ko mai, yana zaune a cikin kwalba. Ya samu mutum biyu, William Hansen, gwanin kayan rediyo, da wani ɗalibi Martin Packard. Suka naɗa waya biyu a gicciye, ɗaya ta aika, ɗaya ta saurara, suka sa ɗan ruwa a tsakiya, suka kunna wani maganaɗisu da a ke amfani da shi wajen koyar da ɗalibai. A watan Janairu 1946 ruwan ya amsa. Igiyar da suka yi aiki da ita tana wajen mita 39 ne, watau maƙwabciyar mita 41 ta gajeren zango da masu sauraron rediyo suka sani.

Ashe a can gabashin ƙasar, Edward Purcell na Harvard da abokan aikinsa biyu, Torrey da Pound, sun sami irin wannan amsa daga kakin kyandir a watan Disamba 1945, ba tare da ɗaya ya san abin da ɗayan ke yi ba. Hanyoyinsu da kalmominsu sun bambanta har sai da suka zauna suka yi ta muhawara kafin su yarda cewa abu guda suka gano. A 1952 aka raba wa Bloch da Purcell kyautar Nobel, kuma Bloch ne mutumin farko da ya kawo wa Stanford wannan kyauta. Hansen bai ga ranar ba. Ya mutu a 1949 yana da shekara 39, da ciwon huhu da ya samu daga ƙurar wani ƙarfe mai guba da ya yi aiki da shi.

A cikin 1946 ɗin ne Bloch ya rubuta lissafin da na ambata da farko. Abin da lissafin ke bayyanawa shi ne yadda cibiyoyin ke komawa yadda su ke bayan an kashe rediyon, kuma ya ware lokaci iri biyu: lokacin da su ke ɗauka kafin su sake miƙewa, da lokacin da su ke ɗauka kafin jerinsu ya watse kowa ya kama gabansa. Shi a wurinsa wannan hanya ce kawai ta auna maganaɗisun cibiyar zarra daidai wa daida. Amma waɗannan lokuta biyu sun bambanta tsakanin ruwan da ke cikin kitse da na tsoka da na ƙwaƙwalwa da na ƙari, kuma fiye da rabin nauyin jikin mutum ruwa ne. Bambancin nan shi ne fari da baƙin da likita ke dubawa a hoton MRI.

Abu na biyu ya zo ne a matsayin abin haushi. A 1950 wasu matasa biyu a ɗakin bincikensa, Proctor da Yu, suna auna naitirojin cikin wani gishiri, sai suka ji amsa biyu maimakon ɗaya. A 1951 wasu uku, ciki har da Packard da wani Ba'indiye mai suna Dharmatti, suka gwada sinadarin barasa suka ji amsa uku. Dalili shi ne cibiya iri ɗaya tana ɗan sauya murya gwargwadon maƙwabtan da ta zauna da su cikin sinadari, kamar yadda Basakkwace da Bakano za su faɗi kalma guda amma kunne ya gane daga inda kowa ya fito. Ga masu fiziks wannan ɓata musu awo ya yi. Ga masu ilimin haɗa sinadarai kuwa tsuntsu ne daga sama gasasshe, domin yanzu za su iya sanin abin da ke cikin kwalba ba tare da sun ƙona shi ko sun narka shi ba. Kamfanin Varian, wanda aka kafa kusa da Stanford a 1948, ya karɓi izinin ƙera na'urar ya shiga sayarwa.

Bloch da kansa bai bi wannan hanya ba, ya bar wa masu ita. A 1954 ƙasashen Turai suka kafa babbar cibiyar binciken nukiliya ta CERN a Janiba, suka roƙe shi ya zama shugabanta na farko. Ya karɓa, amma ya tarar aikin duk taro ne da takardu da kasafin kuɗi, sai ya sauka bayan shekara guda ya koma ajinsa. A ganina wannan da fitarsa daga Los Alamos hali guda ne: mutum ne da in wuri bai yi masa ba, ba ya tsayawa don girman kujera. Ya shugabanci ƙungiyar masana fiziks ta Amurka a 1965, ya yi ritaya a 1971, ya ci gaba da hawan duwatsu da kiɗan fiyano da ya saba tun yana yaro.

TSOKA, HANTA DA ƘWAƘWALWA

Yana raye abin ya soma shiga jikin mutum. A 1973 Paul Lauterbur a Amurka ya nuna yadda za a mai da amsar nan hoto, Peter Mansfield a Nottingham ta Ingila kuma ya samo hanyar yin hoton da sauri. Amma akwai wasu da ba hoto su ke so ba, so su ke su ji irin sinadaran da ke aiki cikin naman da ke raye. A 1974 ƙungiyar George Radda a Oksfod ta saurari sinadarin fosfaras cikin tsokar ƙafar ɓera, ta ji muryoyin abubuwan da tsoka ke ajiye ƙarfi a cikinsu. Da aka ƙera maganaɗisun da hannun mutum zai shiga, sai aka riƙa kallon abin yana faruwa: mutum yana matsa hannu ajiyar tana raguwa, ya huta 'yan mintoci ta sake cika. Ɗan dakon da ya sauke buhu ya tsaya yana haki kafin ya ɗauki na biyu, wannan ajiya ya ke jira. A 1981 a Oksfod aka sa hannun wani mai fama da saurin gajiya da ɗaurewar tsoka cikin na'urar. Tsokar mai lafiya takan yi tsami in ta yi aiki, tasa ba ta yi ba, kuma da haka aka tabbatar jikinsa ba ya iya fasa sukarin da ya ajiye, cutar da a ke kira da sunan likita McArdle.

Shekara biyu bayan wannan Bloch ya mutu da ciwon zuciya, a garin da aka haife shi. Manyan sakamakon sun zo ne bayansa, yawancinsu daga jami'ar Yale ta Amurka, inda Robert Shulman da Gerald Shulman da Douglas Rothman suka yi aiki tare.

Jiki yana da rumbu biyu na sukari. Abin da mutum ya ci na tuwo ko shinkafa yakan zama sukari a jini, sa'an nan a ɗaure rarar a ajiye ta a hanta da tsoka a matsayin wani abu da a ke kira gilaikojin, wajen giram 100 a hanta, wajen giram 400 a tsokoki. A da, in ana son a san abin da ke cikin rumbun hanta sai an soka wa mutum doguwar allura an gutsuro nama, abin da ba mai lafiyar da zai yarda a yi masa sau da yawa. Mutanen Yale suka yi amfani da wani nau'in kabon mai amsa rediyo, wanda kusan ɗaya ne cikin ɗari na kabon da ke jikin kowa, suka auna rumbun daga waje mutum yana kwance.

A 1991 suka sa masu lafiya suka yi awa 68 ba abinci, suna auna hantarsu lokaci lokaci. Abin da aka daɗe ana koyarwa shi ne a ranar farko hanta tana ɗiba ne daga rumbu, sai ya kusa ƙarewa ta soma ƙera sabon sukari. Awon ya nuna ba haka ba ne. Tun cikin awa 22 na farko, kashi 64 cikin ɗari na sukarin da jiki ke fitarwa sabo ne, wanda aka ƙera daga wasu abubuwa kamar ragowar aikin tsoka da kitse da furotin. Watau hanta ba ta jira rumbu ya kai ƙasa kafin ta fita nema, kamar maigidan da ke cefane tun hatsinsa bai ƙare ba. A shekarar da ta biyo suka nuna cewa a jikin mai ciwon sukari irin na manya wannan ƙira tana wuce kima, shi ya sa za a auna shi da asuba bai ci kome ba a tarar sukarinsa ya hau.

Game da tsoka kuwa, a 1990 suka ɗura wa mutane sukari da insulin ta jijiya suna sauraron sha-raɓarsu. A jikin masu lafiya mafi yawan sukarin rumbun tsoka ya tafi. A jikin masu ciwon sukari saurin cika rumbun bai kai rabin na masu lafiya ba. Daga baya suka gano cewa matsalar tana bakin ƙofa ne, sukarin ba ya samun shiga cikin tsokar tun farko, kuma kitsen da ke taruwa a cikin ƙwayoyin tsoka da hanta, ba wanda a ke gani a tumbi kaɗai ba, yana da hannu a ciki. Wannan ya shafi mutanenmu da yawa da suka bar noma da tafiyar ƙasa suka koma zaman shago daga safe har dare, ga shayi mai sukari da lemon kwalba. A 1996 suka gwada 'ya'yan masu ciwon sukari waɗanda ciwon bai kama su ba tukuna, suka tarar tsokarsu ta riga ta soma wannan nawa, amma motsa jiki na mako shida ya ƙara mata saurin ajiya ƙwarai. A 2005 kuma wasu masu ciwon su takwas suka rage kimanin kilo 8 na nauyinsu, kitsen hantarsu ya ragu da wajen kashi 80 cikin ɗari, sukarinsu na asuba ya sauko daidai.

Ƙwaƙwalwa ita ce ta fi wuyar shiga, tun da ba mai ba da tasa a gutsura. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin ɗari na jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na ƙarfin da mutum ke ƙonawa yana hutawa. A farkon shekarun 1990 aka ɗura wa mutane sukari mai alama aka bi sawunsa har ya zama gulutamet, sinadarin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi, kuma gwajin da aka yi da ɓeraye a 1998 ya nuna yawancin abin da ta ke ci a kan wannan aika saƙo ya ke tafiya. Wani Bajapane, Seiji Ogawa, ya nuna a 1990 cewa jinin da ya sauke oksijin yana sauya amsar ruwan da ke kusa da shi, kuma daga 1992 aka soma ganin wurin da ke aiki a ƙwaƙwalwar mutum sa'ad da ya ke kallo ko motsa yatsa. Wani abin mamaki shi ne ƙarin da a ke gani in an ba mutum aiki kaɗan ne in an gwada da abin da ta ke ci yana zaune shiru.

An ba da kyautar Nobel har sau uku bayan mutuwar Bloch a kan rassan wannan aiki: Richard Ernst a 1991 da Kurt Wüthrich a 2002, dukansu malaman makarantar nan ta Zurik da ya shiga don ya zama injiniya, sai Lauterbur da Mansfield a 2003. Asalin sunan hanyar yana da kalmar nukiliya a ciki, saboda cibiyar zarra a ke nufi, amma asibitoci suka cire ta don kada ta tsorata marasa lafiya. Na'urar ba ta fitar da irin hasken da na'urar hoton ƙashi ke fitarwa, maganaɗisu ne da rediyo kawai. Haɗarinta yana wajen ƙarfe, domin maganaɗisun da asibitoci suka fi amfani da shi ya fi na ƙasa ƙarfi sau dubu talatin, kuma a yawancinsu a kunne ya ke dare da rana. Shi ya sa kafin a shigar da mutum a ke sa shi ya cire agogo da makulli da zobe da duk layar da aka ɗinke da ƙarfe, a kuma tambaye shi ko an taɓa sa masa ƙarfe a ƙashi ko na'ura a zuciya.